Me ɗalibin likitanci zai iya yi kan sauyin yanayi?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ɗaliban likitanci na da abin yi ban da dashen itatuwa. Akwai, kuma a ganina daga ɗakin tiyata ya kamata a fara.

Ki duba iskar sa barcin nan, desflurane. Wajen riƙe zafi a sararin sama ta ninka iskar kabon kusan sau 2,500, alhali sevoflurane, wata iskar sa barcin, na yin aikin da ƙarancin illa. Shi ya sa Sikotilan ta daina amfani da ita a 2023. Ku kai wa malamanku maganar, cikin ladabi dai, don manya ba sa son ɗalibi ya zo musu da iyayi.

Sai shara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba mai haɗari ba ce, amma sau da yawa sai a haɗe komai a ƙone. Rarrabewa kaɗai na rage hayaƙi da kashe kuɗi.

Ku kuma nemi a sa illar tsananin zafi ga ƙoda da zuciya cikin manhaja, har ta fito a jarrabawa, in ba haka ba babu mai karantawa.