Tambaya da Amsa: Sai An Ba Yayana Magani Kafin Ya Iya Koyon Saƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana yana da shekara 34, an haife shi da larurar Down. Wata biyu ke nan da na fara koya masa saƙa a kan ƙaramin firam don ya samu abin yi. Yana son abin, amma ba ya wuce minti goma sai ya miƙe, gefen saƙar kullum a karkace, ga tsallake zare. Wata mata ta ce min wahalar banza nake yi, sai an fara ba shi maganin buɗe ƙwaƙwalwa da wanda zai sa ya natsu ya zauna wuri ɗaya, har ta haɗa ni da mai sayarwa. Hankalina ya rabu biyu. In saya, ko in haƙura da saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki saya, kuma kada ki haƙura da saƙar.

Zan fara da maganin, domin shi ne abin da zai iya cutar da yayanki. Wannan magana ta buɗe ƙwaƙwalwa kusan kullum sai na ji ta daga bakin iyaye da 'yan'uwa, kuma har yau tana ƙona min rai. Kin riga kin san asalin larurar: ƙarin kuromosom ne (ƙunshin da ke ɗauke da halittar gado a cikin ƙwayoyin jiki) na lamba 21, shi ya sa ƙwayoyin jikinsa suke ɗauke da kuromosom 47 maimakon 46. Da shi aka halicce shi. Babu kwalba, babu ƙwaya, babu allurar da za ta cire wannan ƙarin. Duk wanda ya ce miki yana da ita, ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko ya sani kuɗinki yake so. Irin waɗannan mutane sun gano cewa mai kula da ɗan'uwansa a gajiye yake, yana neman mafita ko ta halin ƙaƙa, shi ya sa suke bin sa da alkawarin da ba za a taɓa cikawa ba.

Na biyun, wato maganin natsuwa, shi ya fi ba ni tsoro, saboda yana nuna kamar ya yi aiki. Za a ba shi, ya zauna shiru, ido ya yi nauyi, baki a sake, sai a ce alhamdu lillahi ya natsu. Barci ne ya danne shi. Mutumin da aka kashe wa jiki ba ya koyon komai, hannunsa ma ba zai riƙe zare ba. Sannan ki tuna da jikin da za a zuba wa maganin. Kusan rabin masu larurar Down ana haifarsu da matsalar zuciya, da yawansu kuma numfashinsu kan ɗauke a cikin barci. Maganin sa barci yana ƙara wannan ɗaukewar numfashi, yana kawo shaƙewa wajen haɗiya, da jiri, da faɗuwa. A Ingila, inda likitoci ne da kansu suke rubuta irin waɗannan magunguna, an ƙiyasta a 2015 cewa manya masu larurar jinkirin koyo tsakanin 30,000 da 35,000 suna shan magungunan ƙwaƙwalwa ba tare da dalilin da ya dace ba, har a 2016 hukumar lafiyar ƙasar ta ƙaddamar da shiri na musamman don rage abin. To idan haka ta faru a hannun likita mai lasisi, ina ga kwalbar da ba ta da suna a jiki, wadda mai sayar da ita bai taɓa ganin yayanki ba, bai san zuciyarsa ba, kuma ba za ki same shi ba ranar da abu ya ɓaci?

Idan akwai maganin da likitansa ya ɗora shi a kai, na farfaɗiya ko na zuciya ko wani, wannan daban ne, kada ki dakatar da shi da kanki. Abin da nake so ki kai shi asibiti a duba shi ne ido, da ji, da tayirod, wata halitta a wuya da ke daidaita aikin jiki. Duka ukun suna yawan samun matsala a masu wannan larura, duka suna da magani na gaskiya, kuma kowannensu kan sa mutum ya gaji da aikin hannu da wuri.

Minti goma da kike rainawa, a wurina labari ne mai daɗi. Tsokar masu larurar Down tana da laushi, zama da riƙe abu suna cinye musu ƙarfi fiye da yadda muke zato. Ki duba kujerarsa: ƙafa ta taka ƙasa sosai, baya ya samu majingina, tebur ya zo daidai gwiwar hannu, firam ɗin kuma a ɗan jingine shi yadda ba sai ya sunkuya ba. In ya miƙe, ki bar shi ya zaga. Minti goma sau biyu a yini ya fi awa ɗaya ta dole.

Zaren ma ki sauya. Ki buɗe tsakanin zaren tsaye kamar faɗin yatsa, ki ja su launi biyu, ja ɗaya fari ɗaya, ta yadda umarnin zai zama "bisa ja, ƙarƙashin fari" kawai. Na kwance kuma ya zama mai kauri, ulu ko tsagin ƙyalle, a naɗe a ƙoshiya mai faɗi wadda tafin hannu zai damƙa, domin ya ga aikin yana tashi da sauri. Karkacewar gefe daga jan zare da ƙarfi take zuwa, kuma duk sabon masaƙi yana yin ta. Ki nuna masa ya kwantar da zaren a ɗan lanƙwashe kamar baka kafin ya danne shi da matsefi. Wajen koyarwa ki fara daga ƙarshe: ke ki ratsa zaren, shi ya danne. In ya kama wannan, ki ratsa rabi ya ƙarasa. A haka kowane layi a hannunsa yake ƙarewa, ke kuma kina janye naki hannun sannu a hankali.

Tsallaken zare kuwa, ki ƙyale shi. A ƙarshen shekarun 1960 wata mata a Osaka ta ƙasar Japan, Misao Jo, tana da shekara 57, ta saƙa ɗamara da zaren tsaye ɗaya ya ɓace a ciki. Aka ce mata aibi ne, ita kuwa ta ga kyau a wurin. Daga nan salon saƙa na Saori ya samo asali, wanda ba ya ɗaukar irin wannan a matsayin kuskure, kuma yau ana koyar da shi ga masu buƙata ta musamman a ƙasashe da dama. Wata biyu ma ai ba komai ba ne. Judith Scott, 'yar Amurka mai larurar Down kuma kurma, ta shiga cibiyar zane ta Creative Growth a Kalifoniya a 1987, ta yi kusan shekara biyu ba abin da ya ja hankalinta kafin ta ɗauki zare ta fara naɗe abubuwa da shi. Ayyukanta sun kai manyan gidajen adana kayan fasaha.

Ina roƙonki abu ɗaya: kada ki warware masa aiki bayan ya kwanta don ki gyara. Zai gane, kuma zai ji ciwo. Yayanki ne, magidancin shekaru ne, ki bar shi ya zaɓi launinsa ko da bai yi miki ba, ki tambaye shi wa yake so ya ba abin da ya saƙa. Na farko ya zama ƙarami, kamar faɗin tafin hannu, wanda zai gama cikin mako ɗaya ya cire daga firam da kansa. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara masa lafiya.