Amsa kan labarin soyayya bayan rugujewar duniya

'Yar'uwa, salama a gare ki. Kin tambaya ko ya dace Kirista ya rubuta labarin soyayya da ke faruwa bayan yaƙin nukiliya ko annoba ta hallaka yawancin mutane, da kuma yadda za a sa bege a ciki ba tare da littafin ya koma wa'azi ba. Na daɗe ina karanta irin waɗannan littattafai, ina kuma koyar da matasa a ikilisiyarmu a nan Zuru, shi ya sa na ga ya kamata in tofa albarkacin bakina.

Ya dace ƙwarai, kuma an riga ki. A 1959 Walter Miller ya fitar da A Canticle for Leibowitz, inda sufayen Katolika a hamadar Amurka suka shafe ƙarnuka suna kwafar ragowar littattafai bayan wuta ta cinye duniya. Shi kansa yana cikin sojojin saman da suka yi ruwan bama-bamai a gidan sufaye na Monte Kasino a Italiya a 1944, don haka ba da ka ya yi rubutun ba. Littafin ba na soyayya ba ne, amma ya nuna hanya, domin begen da ke cikinsa aiki ne da ake yi da hannu kullum.

Nan ne nake ganin yawancin masu farawa ke tuntuɓe. Sukan sa saurayi ya tsaya cikin kufai yana jera wa budurwa ayoyi, mai karatu kuwa ya gaji. Ki duba littafin annabi Irmiya sura 32 a Littafi Mai Tsarki. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabin yana tsare, amma ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa, ya sa a adana takardar ciniki cikin tulun ƙasa don ta daɗe. A sura 29 kuma ya rubuta wa waɗanda aka kwashe bauta cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure. Na ga irin wannan da idona lokacin da mata suka gudo mana daga ƙauyukan Danko-Wasagu saboda 'yan bindiga: wata dattijuwa ta ƙulle irin dawa a bakin zanenta, jikokinta na kukan yunwa, ta ƙi bari a daka shi saboda damina na tafe.

Ƙauna ma haka take, sai ta ci wa mai ita wani abu kafin a yarda da ita. A ƙasarmu mun san golmo, inda saurayi ke noma wa surukinsa shekaru kafin a ba shi mata, kamar yadda Yakubu ya yi shekara bakwai saboda Rahila. Ki ba jaruminki irin wannan nauyi: ƙasa ta gurɓace, famfon sola ɗaya ya rage wa gari, maganin da ke hannu na mutum ɗaya ne. Idan kuma yarinyar ta fito daga ɓangaren da ya kashe danginsa, kin sami batun gafara, kamar Rut Bamowabiya, wadda aka karɓa a Baitalami ko da yake mutanenta sun sha gaba da Isra'ila.

Roƙona ɗaya shi ne kada ki kawo mu'ujiza a babi na ƙarshe ta share duk wahala. Masu karatunki a Kebbi da Zamfara sun binne nasu, sun yi addu'a wasu ba su dawo ba, kuma nan take za su gane idan kin sauƙaƙa abin.