Kalangu da kundung a dandali daya

Yarona, jiya bayan rihaza ka tambaye ni wai me ya sa wasan kwaikwayon da muka hada kidan Hausa da kundung na Birom, wato abin kidansu mai jerin katako da ake bugawa da sanda, wasu suka tafa har da mikewa tsaye, wasu kuma suka fita suna tsaki. To bari ka ji.

Nan fa Jos ne. Dan Birom na zaune, gefensa Bahaushe daga Gangare, can baya 'yan jami'a da suka karanta wasan Turawa, kowa da idon da ya zo da shi. Hadin kansa ba laifi ba ne, ai marigayi Samanja a Kaduna gwamutsa Hausa ya rika yi da Turancin barikin soja kuma mutane na ta kwasar dariya, don kowa ya san sojan da ke magana haka.

Inda muka kwafsa shi ne da muka buga wa mashayin nan na cikin wasan tambari yana shigowa yana tangadi. Ni da idona na ga wani dattijo a layin gaba ya cire hularsa ya dora a gwiwa yana girgiza kai, wallahi har yanzu abin na raina. Tambari na sarki ne, kalangu an san shi da mahauta, garaya kuwa kana kada ta wani bori zai tuna ko kai ba nufinka kenan ba. Dan jami'a zai ce ai fasaha ce, dattijon kuwa wulakanci ya gani. Haka kundung, mun sa shi ne kawai ana canza kayan dandali, to dan Birom ji zai yi kamar an dauko kayan gidansu an ajiye a bakin kofa.

Sannan mutanenmu ba sa kallo shiru. Dubi tashe in azumi ya kai goma, yara na yi ana amsa musu, ana tsoma baki. Kai kuma sai ka kashe fitila kana so su yi tsit kamar a Ingila, ba zai yiwu ba, ka bar musu gurbin amshi a cikin wasan.

Wasa na gaba kar ka makale a bayan labule, shiga cikin 'yan kallo ka zauna ka ga inda fuska ke canzawa. Ranar Asabar kuma ka shirya da wuri, za mu je wurin mai kundung din nan ya fada mana lokacin da ake buga shi kafin mu sake taba wannan wurin a wasan.