Digirin Kimiyyar Bayanai: Tsada da Amfani

Tambaya: Malam, ɗana ya samu gurbin karatun kimiyyar laburare da bayanai a Jami'ar Bayero, Kano. Ganin yadda kuɗin makaranta ya tashi, shin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Amsa: Alhaji, za ta biya, amma da sharaɗi. Idan ya dogara ga takardar digiri kaɗai, guraben aikin laburare kaɗan ne, albashin farawa kuma ba shi da yawa. Amma idan cikin shekara 4 ɗin nan ya ƙware wajen tsara rumbun bayanai da adana takardu a kwamfuta, asibitoci da bankuna da jami'o'i suna buƙatar irinsa. Ku sa kuɗin masauki da na kwamfuta cikin lissafi, kuma ina roƙonku kada ku ci bashi mai ruwa saboda wannan karatu.