Tambaya da Amsa: Fim Mai Duhu Ne Ya Fi Kama da Gaskiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa. A daren da babu wasan ƙwallo, mai gidan kallon garinmu yakan sa mana finafinan Amurka na jaruman nan masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, irin su Batman da Superman, kuma gardama ta ƙi ƙarewa a tsakaninmu. Wasu sun ce finafinan da ba a dariya a cikinsu, masu duhu da baƙin ciki, su ne na gaskiya, masu barkwanci kuwa na yara ne. Wasu kuma sun ce duk ƙarya ce tunda mutum ba ya tashi sama, don haka gara wanda zai sa mai kallo nishaɗi. Wane ɓangare ne ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A ganina kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani, domin kama da gaskiya a irin wannan fim ba ta rataya a kan yawan duhu ba, haka nan ba ta rataya a kan ko abin zai iya faruwa a zahiri ba. Abin da mai kallo ke bukata shi ne fim ya riƙe ƙa'idar da ya kafa wa kansa, kuma mutanen cikinsa su ji tsoro da zafi da asara kamar yadda mutane ke ji. Ka tuna tatsuniya a tsakar gida: babu yaron da ke ƙorafi don Gizo yana magana, amma da mai tatsuniya za ta ce Gizo ya samu nama ya raba wa jama'a ba tare da wata maƙarƙashiya ba, nan take yaran za su ce ba haka halinsa yake ba.

Waɗannan jarumai daga mujallun zane suka fito, Superman a 1938, Batman kuma a 1939, kuma tun daga nan yanayin labaransu yake sauyawa. Shirin talabijin na Batman da aka fara a 1966 kusan barkwanci ne tsantsa. Duhun da abokanka ke yabo ya yi ƙarfi ne bayan darakta Christopher Nolan ya fito da Batman Begins a 2005 da The Dark Knight a 2008. Nolan ya ɗauki wani babban kaso na fim na biyun a titunan birnin Shikago, har ya sa aka kifar da tirela ta gaske a tsakiyar titi maimakon a zana ta da kwamfuta, shi ya sa mai kallo ke jin nauyin ƙarfen lokacin da ta faɗi. Heath Ledger, wanda ya fito a matsayin bos, ya samu lambar yabo ta Oscar bayan rasuwarsa. Sai dai a lura, wannan salo ya dace da Batman ne saboda shi mutum ne kamar kowa, ba shi da wani ƙarfi sai dukiya da horo da kayan aiki, kuma labarinsa ya faro ne daga kisan iyayensa a gaban idonsa.

Matsalar ta bayyana da aka ɗauki wannan duhu aka lulluɓa wa Superman a Man of Steel na 2013. An rushe dogayen gine-gine a tsakiyar birni, jarumin ya karya wuyan abokin gabarsa, sannan ba a jima ba fim ya wuce kamar ba a yi asarar rayuka ba. Hoton yana da duhu, fuskoki a murtuke, amma ni ban ga gaskiya a wurin ba, domin garin da aka yi wa irin wannan ɓarna zaman makoki ya kamata a gani a cikinsa.

Yanzu ka kwatanta da Spider-Man 2 na 2004, fim mai haske da raha. Jarumin ya rasa aikinsa na kai abinci saboda makara, mai gidan haya yana binsa kuɗi, karatunsa na jami'a yana taɓarɓarewa, duk saboda lokacin da yake ɓatarwa wajen ceton mutane. Akwai wurin da ya tsayar da jirgin ƙasa da ƙarfinsa har ya suma, fasinjoji suka tallabe shi suka shigar da shi ciki, suka ga fuskarsa ba rufi, suka fahimci ashe yaro ne matashi, suka kuma yi alkawarin rufa masa asiri. Babu mai iya tsayar da jirgi da hannu, amma duk matashin da ke haɗa karatu da neman na kansa, ko a Ringim ko a Kano, ya san irin gajiyar da ke fuskar yaron nan.

Masu son nishaɗi su ma ba su tsira ba. Kamfanin Marvel, tun daga Iron Man na 2008, ya saba cusa barkwanci a ko'ina, kuma wani lokaci yakan wuce gona da iri. A fim ɗin Thor na 2022 akwai mace mai fama da ciwon daji, amma raha ta yi yawa har ba a bar mai kallo ya zauna da tausayinta ba, kuma masu sharhi da dama sun soki hakan.

Idan gardamar ta sake tashi a gidan kallo, ka tambayi abokanka abubuwa biyu game da fim ɗin da aka gama: me jarumin ya rasa saboda abin da ya zaɓa, kuma da aka yi mutuwa ko ɓarna, fim ɗin ya tsaya ya nuna ciwonta ko kuwa ya wuce? Da wannan ma'auni The Dark Knight da Spider-Man 2 duk sun ci, duk da bambancin yanayinsu, Man of Steel da Thor na 2022 kuma duk sun gaza.