Me Ya Sa Masu Bin Anime Mako-Mako Ba Sa Tsayawa Kan Magana Ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A hutun da ya wuce na sa aka tura mini Attack on Titan, wani anime, wato shirin zane mai motsi na Japan, a waya, na kalle shi kakaf cikin kwana goma sha biyu, ya kuwa burge ni. Amma wani abokina da ya bi shi tun farkon fitowarsa ya ce wai ni ba kallo na yi ba, haɗiya na yi. Sannan na lura masu bin anime mako-mako, yau su ce ba a taɓa yin kamar wannan ba, mako na gaba su ce ya lalace. Shin ra'ayinsu abin dogaro ne in ina neman abin da zan kalla? Kuma gaskiya ne in kashi uku na farko ba su kama ka ba, gara ka haƙura? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka tsiya ya yi maka, amma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Ka tuna makullin nan da mahaifin Eren, jarumin shirin, ya nuna masa tun a kashi na farko, ya ce in ya dawo daga tafiya zai kai shi ɗakin da ke ƙarƙashin gidansu? A watan Afrilun 2013 aka haska wannan. Ba a shiga ɗakin ba sai a kashi na 56, a shekarar 2019. Kai mako guda ka yi tsakanin makulli da ƙofa, shi shekara shida ya yi, kuma a ciki har da shekara uku da rabi na jiran zango na biyu, wanda bai fito ba sai 2017. Duk tsawon wannan lokaci yana cacar baki da mutane kan abin da ke cikin ɗakin, yana gina hasashe yana rushewa. Ranar da aka buɗe ƙofar, abin da ya ji da abin da ka ji ba ɗaya ba ne, ko da yake hoto ɗaya kuka gani. Sai dai kai ma kana da abin da ya rasa: sunayen mutane da ƙananan alamun da aka dasa a farko duk suna nan sabbi a kanka lokacin da amfaninsu ya zo, shi kuwa sai da ya koma ya yi tilawa.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, anime na talabijin don jiran mako aka ƙera shi. Tun ranar 1 ga Janairun 1963 da gidan talabijin na Fuji ya fara haska Tetsuwan Atom na Osamu Tezuka, tsarin ya zauna a kan rabin awa sau ɗaya a mako. In ka cire talla, abin da ke rage bai wuce minti 24 ba, kuma a ciki waƙar buɗewa ta ci minti ɗaya da rabi, ta rufewa ma haka. Ana raba kashi gida biyu saboda tallan tsakiya, sannan a yanke labari a daidai inda ya ɗauki zafi don ka dawo. Shekarar ma an kasa ta huɗu: sabbin shirye-shirye na farawa a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, kowane zango kashi 12 ko 13. Wanda ya taɓa zaman jiran Labarina ko Kwana Casa'in daga mako zuwa mako ya san ɗanɗanon wannan yankewar. Mai kallon jere ba ya jin ta, don kafin zuciyarsa ta gama bugawa ya riga ya danna na gaba.

To me ya sa ra'ayinsu ke lilo haka? Dalili na farko, wanda mutane da yawa ba su sani ba, shi ne lilon na gaskiya ne, ba a idonsu kawai yake ba. Ba hannu ɗaya ke yin kowane kashi ba. Akwai babban darakta da ke kan shirin gaba ɗaya, amma kowane kashi yana da nasa mai tsara fitowa-fitowa a takarda, da nasa darakta, da nasa mai duba zane don fuskoki kada su sauya kama. Ana aikin kashi da dama a lokaci guda, kowanne a hannun wata tawaga, wasu ma a kan ba da su kwangila ga wani kamfani daban. Masu zane ƙwararru ba su da yawa, lokaci kuma ba ya isa, don haka sai a tara gwanayen a kan kashi na farko, da wani babban faɗa na tsakiya, da na ƙarshe. Sauran a lallaɓa: baki na motsi, jiki na tsaye, kyamara na jan hoto ɗaya. Kashi na 19 na Demon Slayer, wanda kamfanin Ufotable ya fitar a Agustan 2019, misali ne na wurin da aka zuba ƙarfi, kuma a daren ya cika kafafen sada zumunta har waɗanda ba su san shirin ba suka shiga nema. Mai kallon mako da ya ga irin wannan, sai mako na gaba aka ba shi mutane biyu suna hira a ɗaki, dole ya ce an yi sanyi. Kai da ka haɗa su a zama ɗaya za ka ga hutu ne bayan gudu, ba ka ma lura ba.

Wani lokacin kuma aikin ne ke rushewa a gaban idon masu kallo. Wonder Egg Priority na 2021 ya fara da zane mai ban mamaki, amma lokaci ya ƙure wa masu aikin har kashi na takwas ya zama maimaicin abin da ya wuce, ƙarshen labarin kuma aka ɗage shi sai watan Yuni. Wanda ya karanta yabon makon farko kaɗai ba zai san haka ba.

Dalili na biyu yana cikin kwana shidan da ke tsakani. Minti 24 ka kalla, sauran makon kuma kana tunani. A nan ake haifar hasashe, kuma hasashe in ya kwana a zuciya sai ya zama kamar alkawari aka yi maka. Idan marubuci ya bi wata hanya, sai mutum ya ce shirin ya lalace, alhali abin da ya lalace shi ne labarin da ya rubuta wa kansa. Ni ina ganin rabin fushin da ake yi a irin waɗannan muhawarori daga nan yake. Ga kuma waɗanda suka karanta manga, wato littafin zanen da aka ɗauko labarin daga ciki. Su ba labari suke kallo ba, jarrabawa suke makawa: an tsallake shafi kaza, an sauya magana kaza, ba a ba fitowa kaza haƙƙinta ba. Sukarsu na iya zama daidai, amma ba ta shafe ka ba in ba ka karanta ba. Sai ka yi hattara da su ta wata fuskar, don cikinsu akwai masu fasa ƙwai, waɗanda za su ce maka "ka dai jira kashi na gaba, kada ka saba da wane", su tafi su bar ka da labari a ɓace.

Akwai inda jiran mako azaba ce zalla, kuma a nan hukuncin masu bin mako yakan fi abin da shirin ya cancanta tsanani. A 2009 kamfanin Kyoto Animation ya yi wani abu a zango na biyu na Haruhi Suzumiya wanda har yau ana maganarsa. Labarin na wasu ɗalibai ne da hutun bazara ke maimaita kansa a kansu ba tare da sun sani ba. Sai kamfanin ya haska kusan labari ɗaya sau takwas, mako takwas a jere, kowanne an sake zana shi daga farko, an sake ɗaukar murya, an sauya tufafi da kusurwar kyamara. Ka ƙaddara ka jira mako guda, aka ba ka abin da ka gani makon jiya, ka sake jira, aka sake ba ka, har wata biyu. Mutane sun fusata ƙwarai. Yau mai kallo yana iya duba na farko da na biyu da na takwas ya wuce abinsa, ko ya kalli duka a yini ɗaya ya ce dabara ce mai ban sha'awa.

Haka Naruto. A lokacin, mai littafin, Kishimoto, yana fitar da babi ɗaya a mako, shafi kusan ashirin, alhali kashi ɗaya na talabijin yakan cinye babi biyu. Lissafi ne mai sauƙi: dole talabijin ta kamo littafi. Da ta kusa kamowa, sai kamfanin Pierrot ya shiga ƙirƙiro labaran cikon benci, daga bayan kashi na 135 har kusan na 220, fiye da shekara ɗaya da rabi ba a taɓa asalin labarin ba, kafin a buɗe ci gabansa, Shippuden, a 2007. Wanda ya rayu cikin wannan yana da dalilin tsaki. Kai kuwa jerin lambobin ciko kawai za ka nema ka tsallake. One Piece, da ya fara a 1999 ya kuma haura kashi dubu a 2021, ya fi karkata ga wata dabarar: maimakon dogon ciko sai a ja labari kamar ƙosai a bakin marowaci, babi ɗaya ko ƙasa da haka a kashi guda, ana ta nuna fuskokin mutane suna mamaki. Wannan kam har mai kallon jere yana jin nauyinsa, ko ma ya fi ji, don maimaicin a jere yake zuwar masa.

Maganar kashi uku kuma, al'ada ce ta masu kallo, ba doka ba ce, kuma tana da dalili. A kowane zango sabbin shirye-shirye gommai ne ke fitowa, ba mai iya bin duka, don haka mutane suka sa wa kansu ma'auni. A shiri mai kashi 12, uku rubu'i ne, ya isa ka gane salon zane da yanayin barkwanci da ko mutanen cikin sun shiga ranka. Masu shiryawa ma sun san da wannan. Madoka Magica na 2011 ya shigo da kamannin shirin 'yan mata ƙanana masu sihiri, launi mai haske, komai lami lafiya, sai a kashi na uku ya nuna ainihin fuskarsa. Ba zan faɗa maka abin da ya faru ba. Frieren kuwa, da yake tafiyarsa a hankali take, a Satumban 2023 kashi huɗu na farko aka haska a dare ɗaya.

Amma ma'aunin yana faɗuwa ta fuska biyu. Steins;Gate, shi ma na 2011, kashi 24 ne, kuma rabin farko yawanci wasu matasa ne a wani ɗaki a unguwar Akihabara suna wasa da na'urar ɗumama abinci suna zolayar juna. Mutane da yawa sun ajiye shi a nan. A kashi na 12 labarin ya juya, sai ya zamana duk wancan surutun da aka raina shi ne ya sa abin da ya biyo baya ke da zafi. Ta ɗaya fuskar kuma ga The Promised Neverland: zangon farko na 2019 ya sha yabo tun daga kashi na ɗaya har na 12, kuma ya cancanta. Zango na biyu a 2021 ya tsallake manyan sassa na littafin, ya ƙare da jerin hotuna tsayayyu a madadin labarin da ya kamata a ba shi zanguna. Babu kashi uku na farko da za su iya gaya maka wannan.

Saboda haka ga yadda nake amfani da ra'ayin masu bin mako, kuma shi zan ba ka shawara. In ana maganar kashi ɗaya, ina yarda da su, don sun fi kowa lura: sun kalla sau biyu, sun tsayar da hoto, sun san wa ya zana wane faɗa. In ana maganar shiri gaba ɗaya kuwa, ba na karɓar hukuncin kowa sai an rufe zango, kuma na fi son jin bakin wanda ya dawo bayan wata biyu ko uku, lokacin da zumuɗi da fushi duk sun kwanta. Ka kuma duba me mutum yake kuka da shi. In kukansa jinkiri ne da jira, wannan ba zai same ka ba tunda a jere za ka kalla. In kukansa mutanen labarin sun fara aikata abin da bai dace da halinsu ba, ko an warware matsala da abin da ya faɗo daga sama, wannan zai same ka ko ta yaya ka kalla.

Shi kuma abokin naka, hanya mafi sauƙi ta gane abin da yake nufi ita ce ka gwada sau ɗaya. In sabon zango ya kama, ku zaɓi shiri ɗaya mai kashi 12, wanda ba a ɗauko daga littafi ba, don kada kowa ya riga ku sanin ƙarshe. Japan na gaban Najeriya da awa takwas, kuma da yawa daga shirye-shiryen nan da tsakar dare ake haska su a can, wato wajen la'asar ke nan a Zariya, Crunchyroll kuma, manhajar kallon anime ta intanet, kan sa fassarar Turanci ba da jimawa ba. Bayan kowane kashi ka rubuta layi biyu a waya: me ka ji, me kake zaton zai faru. Kada ka goge komai, ko da mako na gaba ya kunyata ka. In wata uku sun cika, ku zauna da shi ku karanta daga na farko.