Tambaya da Amsa: Tun da aka canza kuruwa Hilux ɗina ta canza hali

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni direba ne a Garwa, ina da tsohuwar Hilux mai injin 3L, da ita nake ɗaukar albasa zuwa Ngaundere. Wata biyu kenan aka canza min kuruwar inji, wato bel ɗin nan mai haƙora, a wani gareji, tun ranar sai na yi ta murɗa makulli da safe kafin ta tashi, in ta tashi sai farin hayaki mai yaji a ido, hawan Falez, dutsen nan na hanyar Ngaundere, da take cinyewa ba wahala yanzu sai da giya ta ɗaya allurar zafi na ta hawa. Na koma, yaron gareji ya juya pomp ɗin mai yana saurare da kunne, hayakin ya ragu amma yanzu injin na ƙara kamar ana buga ƙusa. Dan Allah ina mafita? Daga wani direba, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Ba tsufa ke damun motarka ba, kalaj ɗin pomp ne, wato saitin lokacin da yake feso mai, ya goce. Ka san injin gazuwal, wato dizal, ba shi da tartsatsi, iska piston ke matsewa har ta yi zafi sannan pomp ya feso mai ya kama da kansa, to in man ya zo a makare piston ya riga ya fara sauka, ba ya ƙonewa duka, shi ne farin hayakin da wuyar tashi da rashin ƙarfi da zafin da ka gani. In kuma ya zo da wuri sai ya fashe tun piston bai gama hawa ba, shi ne bugun ƙusan nan. Yaron daga rami ɗaya ya fid da kai ya jefa ka wani.

Tunda daga canjin kuruwa abin ya fara, can za a fara dubawa. A wannan injin kuruwa ɗaya ce ke jan krank da kam da pomp, kowanne da makinsa, wato alamar saitinsa, haƙori ɗaya in ya tsallake a wajen pomp ya isa ya kawo duk wannan. A buɗe murfin, a juya injin da hannu zagaye biyu, makin nan uku su tsaya daidai a idonka, ka tsaya ka gani da kanka kar a ba ka labari.

Sai awo, kuma wallahi nan ne nake jin takaici, don bambancin da ake nema bai kai kaurin farce ba, kunne ba ya jin sa komai daɗewar mutum a sana'a. Akwai agogon awo, komparata, masu gyaran pomp na gaske duk suna da shi. A bayan pomp, tsakiyar bututan ƙarfe huɗun nan masu zuwa injekta, akwai ƙaramin noti, shi ake cirewa a ɗaura agogon. A kawo piston na ɗaya can sama, a maida injin baya a hankali kamar digiri 25 zuwa 30 har allurar ta daina motsi, a sa ta a sifiri, sannan a dawo gaba har maki ya hau maki a karanta. Adadin bai kai milimita ɗaya ba, kuma ya bambanta in pomp ɗin na da na'urar tashin sanyi a gefensa, wadda ita ma sai an ɗage ta kafin awo, saboda haka a duba littafin injin naka. In karatun ya gaza sai a sassauta notocin pomp da na bututai a karkato shi wajen inji, in ya zarce a janye shi waje, kaɗan-kaɗan da tafin hannu, a ɗaure, a sake aunawa don wajen ɗauri yakan motsa.

Abu ɗaya nake roƙonka, kar ka bar kowa ya taɓa sukurun nan na ƙara mai da ke bayan pomp wai don ta yi ƙarfi, baƙin hayaki da zafi da cin aljihu kawai zai kawo maka. In an gama kalaj har yanzu tana wuyar tashi lokacin hunturu, a gwada bujin zafi guda huɗun masu ɗumama injin kafin ya tashi, a canza filta a tsiyaye ruwan ƙasanta, balle in kana shan man galan na bakin hanya, don wannan pomp ɗin da gazuwal ɗin kansa yake samun santsi, ruwa kaɗan na cinye shi.

Kafin a yi wannan aikin kar ka sake hawa Falez da lodi, kan injin 3L ba ya jure zafi, yana tsagewa. Ka kuma rubuta kilomitan da aka sa kuruwar, in ta ci 100,000 a canza ta, don in ta tsinke a guje piston zai daki bawul.